Darasi na Tara: Zaɓen Na'urar Kamo Tasha don Kayan Sautin Gida

Ƙaramar rediyon hannu abu uku ce cikin akwati ɗaya. Akwai ɓangaren da ke kamo tasha daga iska, akwai wanda ke ƙara wa sautin ƙarfi, sai lasifika da ke fito da shi. A manyan kayan sauti na gida kuwa an raba su, kowanne da akwatinsa. Mai ƙara ƙarfi shi ake kira amfilifaya. Mai kamo tasha shi ne akwatin da za ka ga an rubuta TUNER a goshinsa. Ita wannan na'ura ba ta da murya ta kanta, sai sautinta ya bi ta amfilifaya kafin ya isa lasifika.

Kafin ka fita nema, leƙa bayan amfilifayar da ke gidanka. In ka ga wurin jona eriya, an rubuta FM da AM a gefensa, ko kuma a gaba an rubuta RECEIVER, to mai kamo tasha yana ciki tun asali. Eriya kawai kake bukata.

Wane zango kake saurare?

Wannan ita ce tambayar farko, domin ba kowace na'ura ke kama kowane zango ba. Zangon FM yana farawa daga megahaz 87.5 zuwa 108. Shi ya fi tsabtar sauti, shi ke zuwa da sitiriyo, wato sautin dama da na hagu dabam-dabam, amma ba ya nisa, kuma dutse ko dogon gini yakan tare shi. Matsakaicin zango, wanda ake rubuta AM ko MW, yana tsakanin kilohaz 530 da 1600 ko sama da haka kaɗan. Sautinsa bai kai na FM ba, sai dai yana cin nisa, musamman da dare. Gajeren zango, mai alamar SW, shi ke kawo tashoshin ƙasashe masu nisa, kuma yawancin na'urorin kayan sautin gida ba su da shi. In don shi za ka saya, kada ka biya sai ka ga haruffan SW da idonka.

Akwai masu alamar DAB, wato rediyon dijital. Ƙasar Norwe ta rufe manyan tashoshinta na FM a 2017 ta koma kansa, amma ƙasashe da yawa ba sa watsa shi ko kaɗan. Inda ba a watsa shi, wannan maɓalli ado ne kawai.

Don wace ƙasa aka ƙera ta?

A nan masu sayen na'urar da aka riga aka yi amfani da ita suka fi yin asara. Tsofaffin na'urorin da aka yi don kasuwar Japan suna kama FM daga 76 zuwa 90 ne kaɗai, saboda haka duk tashar da ke sama da 90 ba za ka taɓa jin ta ba, komai kyan eriya. Waɗanda aka yi don Amurka suna tsallake kilohaz 10-10 a zangon AM, alhali a Turai, Afirka da Asiya tazarar tashoshi 9-9 ce. A FM ma wasunsu kan 88.1, 88.3, 88.5 kawai suke tsayawa, sai su wuce tashar da ke kan 96.0 ko 102.4. Wasu na da ɗan makunni a baya mai alamar 9k da 10k, wanda ke gyara wannan. Duba ko akwai shi.

Sai wuta. Karanta rubutun da ke kusa da igiyar wuta a baya. Na Japan 100V ne, na Amurka 120V, sauran ƙasashe da yawa 220V zuwa 240V. Na'urar 120V in aka soka ta a wutar 230V, ƙonewa za ta yi nan take.

Mai allura ko mai lambobi?

Mai allura ana murɗa ta da hannu, allurar tana tafiya a kan gilashi. Masu kyau daga cikinsu suna da daɗin sauti ƙwarai, amma in sun tsufa sukan zame daga kan tasha idan sun ɗumama, ka yi ta tashi kana gyarawa. Mai lambobi takan kulle a kan tasha ba ta motsi, kuma tana adana tashoshi 20, 30 ko 40, ka danna maɓalli ɗaya ka samu. Ga mai son sauƙi, mai lambobi muke ba da shawara.

Abu biyu ne ke nuna ingancin kamu. Na farko kaifin ji, wato iya jawo tasha mai rauni. A takardar na'ura ana auna shi da µV ko dBf, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Na biyu iya rarrabewa, wato kada tasha mai ƙarfi ta hau kan maƙwabciyarta. Shi da dB ake auna shi, babbar lamba ita ce mai kyau, daga 60 zuwa sama ya wadatar. Wanda ke nesa da tashoshi kaifin ji ya fi bukata. Wanda ke tsakiyar babban gari, inda tashoshi suka cunkushe, rarrabewa ce damuwarsa, kuma maɓallin WIDE da NARROW zai taimake shi: in tashoshi biyu sun cakuɗe, ya danna NARROW.

Kada ka yarda da na'urar da ba ta da maɓallin MONO, wanda ke haɗe sautin dama da na hagu ya zama ɗaya. Sitiriyo yana bukatar siginar da ta ninka ta mono ƙarfi sosai. Shi ya sa tasha mai nisa take zuwa da shuuu a ƙarƙashin magana, da zarar ka danna MONO sai ƙarar ta ragu ko ta ɗauke. Gara murya ɗaya tas da murya biyu cikin hayaniya.

Eriya

Mu ɗan daɗe a nan, domin mafi yawan na'urorin da ake cewa ba sa kamu lafiyarsu ƙalau, eriya ce ba a yi musu ba. Matsakaiciyar na'ura mai eriya mai kyau ta fi mai tsada da aka saƙala wa guntuwar waya.

A baya za ka ga rami zagayayye mai alamar 75Ω, na waya mai kauri irin ta talabijin. Tsofaffi kuma suna da kusoshi biyu masu alamar 300Ω, na waya mai faɗi. In wayarka da ramin ba su dace ba, akwai ɗan mahaɗi da ke sauya 300 zuwa 75.

Eriyar cikin ɗaki ta FM siffar harafin T gare ta. Tsawonta daga wannan baki zuwa wancan kimanin mita ɗaya da rabi ne, kowane hannu santimita 75. Wannan awo ba a banza aka yi shi ba, rabin tsawon igiyar siginar FM ne, saboda haka kada ka yanke ta, kada ka naɗe ta ka cusa bayan kabad. Ka miƙe hannayen biyu sosai, ka ɗaga ta sama kusa da taga, faɗinta yana fuskantar inda tashar take. Kafin ka kafe ta, ka riƙe ta a hannu kana juyawa a hankali kana saurare. Wani lokaci alamar sigina tana cike amma harafin "s" yana fita a yage kamar ana kece takarda. Dalili shi ne siginar ta iso ta hanya biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya ta bugi gini ta dawo a makare. Matsar da eriyar rabin mita yakan kawar da shi.

Eriyar AM ɗan zobe ne na roba da aka naɗe da waya. Ka tsayar da shi, ka juya har ƙara ta ragu. In kana jin zzzz ba tsayawa, ka kashe ƙwan LED, ka cire cajar waya, ka nisantar da zoben daga talabijin da inbata, ɗaya bayan ɗaya, har ka gane mai laifin.

In sai an kai eriya kan rufi, a nisantar da ita daga wayoyin lantarki, a haɗa ta da ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa, kuma a zare wayarta daga na'ura idan hadari ya taso da tsawa. Wannan batun rai ne, ba na sauti ba.

Haɗawa da gwaji

Kashe amfilifaya, ka mayar da murya ƙasa. Ɗauki waya mai kai biyu, ja da fari. Ja na dama ne, fari na hagu. Daga ramukan OUT na na'urar ka kai su ramukan TUNER na amfilifaya. In babu, AUX ko CD duk ɗaya ne. Ramin PHONO ne kaɗai ba a sakawa, domin an yi shi ne don siginar faifan garmaho mai rauni ƙwarai, in ka saka a nan sauti zai fito a fashe da gurnani. Kuma kada ka ɗora na'urar a kan ramukan shan iska na amfilifaya, ka bar masa sarari zafi ya fita.

A wurin saye, kada ka yi gwaji da tashar da ta fi kowace ƙarfi, ita ko da ƙusa za a kama ta. Nemi mai rauni, ka bar na'urar a kanta minti goma ka ga ko za ta zame. Saurari lasifikar dama da ta hagu dabam-dabam, ka tabbata fitilar sitiriyo tana kunnuwa. Sannan ka adana tasha biyu, ka zare igiyar wuta, ka jira minti biyar, ka mayar. In tashoshin sun ɓace, ɗan batiri ko kafasitar da ke riƙe su ya mutu. Gyara ne ƙarami wurin mai gyaran rediyo, amma in ba a yi shi ba, duk ɗaukewar wuta sai ka sake adana su daga farko.