Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen zaɓen sensar auna ruwa a tanki

Satin da ya wuce mutum uku suka zo shagona da matsala iri ɗaya, biyu ɗaliban foli ne masu furojet, ɗayan mai gyaran bohol ne daga Rigasa, kowa ya sayi sensa ya ɗaura a tanki tana ta ba shi ƙarya. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi yasa nace bari in rubuta kawai.

Na farko dai HC-SR04, wannan 'yar altrasonik ɗin mai ido biyu (tana tura sauti ya daki ruwa ya dawo, da haka take auna tazara) da kowa ke saya saboda arha. Dan Allah ku daina sa ta a cikin tanki. A kan tebur tana aiki lafiya lau daga santimita 2 har mita 4, amma ba a yi ta don danshi ba. Tankin roba baƙi da ya wuni cikin ranar Kaduna, da dare ya yi tururin nan zai taru a ƙasan murfi ya riƙa ɗiga, idon sensar ya jiƙe, allon ya fara tsatsa. Ni kaina na yi wannan a farkon fara aikina, a wani gida a Barnawa, wata biyu ba ta cika ba ta mutu, injin ya kwana yana tura ruwa, tankin sama ya cika ya malalo ya jiƙa silin ɗin falo gaba ɗaya, daga aljihuna na biya gyaran kuma har yau mai gidan bai sake kirana ba. In altrasonik kake so ka nemi JSN-SR04T wadda ruwa ba ya shigarta, amma ita ma tana da nata halin, duk abin da ya matso kusa da ita ƙasa da santimita 20 zuwa 25 ba ta ganinsa daidai, to kaga idan ka manna ta a murfi ruwa ya taso har wajen sai lissafin ya rikice, injin ya ɗauka tanki bai cika ba. Ni ina ɗaga ta sama da inda ruwa ke tsayawa da aƙalla santimita 30, kuma a tsakiya nake sa ta nesa da bango da bututun shigowar ruwa, don sautin yana dukan su ya dawo.

Sannan zafi yana canza gudun sauti, mita 343 a daƙiƙa ne a digiri 20, kowane digiri ɗaya yana ƙara kusan 0.6. Tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin watan Afrilu za ka iya samun bambancin santimita 7 a tazarar mita 2. Ka haɗa 'yar sensar zafi ka gyara lissafin a kod.

Amma wanda ya fi ci min rai shine na dizal. Wani mai masana'antar fiya wata a wajen Kakuri ya ce in sa masa abin da zai riƙa nuna man janareta, na ɗauko sensar firesha irin wadda ake jefawa ƙasan tanki, na saita ta da lissafin ruwa na tafi abina. Ita wannan sensar nauyin abin da ke kanta take ji, ba tsawo take aunawa kai tsaye ba, kuma dizal bai kai ruwa nauyi ba, lita ɗaya wajen giram 840 ce. Sai a zuba lita 1000 allo ya nuna 840 ko kusa da haka. Mai gida ya ce ana satar mai, zargi ya faɗa kan maigadi, dattijo ne wanda ya isa ya haife ni, an kusa korarsa da sunan ɓarawo saboda sakacina. Sai da na zo muka zura sanda muka auna a gaban kowa sannan gaskiya ta fito, na durƙusa na ce Baba ka yafe min. Wallahi duk yaron da na sake gani ya saita firesha bai tambayi mene ne a tankin ba sai mun ɓata. Ka tambaya mana! Ruwa ne, dizal ne, man gyaɗa ne, sabulun ruwa ne? Kowanne da nauyinsa. Kuma a sayi mai iyaka daidai da tankin, mita 10 na ruwa kusan bar 1 ne a ma'aunin firesha, in ka ɗauko mai auna mita 100 ka jefa a tankin mita 2 ai ba abin da za ta gani. Akwai siririn bututun iska a cikin wayarta, kada ka lanƙwasa shi ko ka toshe da salatif.

Sauran ƙanana ne. Masu tsoma waya biyu tsirara a ruwa da batir, ƙarfen zai cinye cikin 'yan makonni, kuma a dizal ba ya aiki sam tunda lantarki ba ya bi ta cikin mai. Sabulun ruwa mai kumfa yana shanye sautin altrasonik. Tankin da ke kwance kamar na tanka, rabin tsawo rabin lita ne, amma kwata na tsawo ba kwata na lita ba ne, sai ka yi teburin lissafinsa daban. In waya za ta yi nisa ka ɗauki sensa mai miliamf 4 zuwa 20, ko ta tsinke za ka gane don zai nuna sifili, alhali ko tanki ba komai 4 take nunawa. Fetur kuwa kada ka kusance shi da kayan Arduino, wato ƙaramin allon da ake haɗa sensa da shi, tururinsa tartsatsi ɗaya yake jira.

Mafi yawan masu kirana ma ba lamba suke buƙata ba, so suke sumo ya tashi in ruwa ya yi ƙasa ya mutu in ya cika, wannan fulot kawai, wato makunnin da ke yawo a saman ruwa, ya ishe su, sai dai kar a haɗa shi kai tsaye da injin, a bi ta kontakta, wato makunnin da ke ɗaukar wutar injin. Wasu abokan aikina suna cewa ɓarnar kuɗi ce, amma ni tun abin Barnawa ko wace irin sensa na sa sai na ƙara fulot ɗaya a can sama wanda zai yanke injin shi kaɗai, kuma ba na karɓar cikon kuɗina sai na tsaya an cika tankin a gabana na ga ya yanke.