Darasi na 7: Tare Zafi da Sanyi a Ɗaki

Duk wanda ya taɓa shiga soron ƙasa a cikin birnin Zariya da tsakar rana a watan Afrilu ya san inda darasin nan ya dosa. A waje rana tana ƙuna, zafi ya haura digiri 35, amma cikin soron sai ka ji kamar kana gindin randa. Ka bar nan ka shiga ɗakin bulo mai rufin kwano a Sabon Gari ko Samaru, nan take gumi zai karyo maka. Me ya bambanta su?

Kauri ne. Maginan da suna tayar da bango da tubali, su jera azara, su ɗora ƙasa a kai. Zafi ba ya ratsa ƙasa mai kauri da sauri, kafin ya iso ciki rana ta faɗi. Da dare kuma bangon ya riƙa sakin ɗumin a hankali, abin da ake nema da hunturu ke nan. Irin wannan gini shahararren magini Babban Gwani ya yi wa Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Yau yawancinmu kwano muke rufi da shi, kuma ba laifi, yana sauƙaƙa wahalar yaɓe kowace damina. Sai dai kwano siriri ne, yana ɗaukar zafi kamar tanda, ya sauke shi a kan mutanen ɗaki. A gidan da ba bene ba, ta sama zafi ya fi shigowa. Saboda haka gyara daga sama yake farawa.

Ka sa silin. Na katako ne, na roba ne, ko na POP, kowanne ya fi babu. Ka ce wa kafinta ya bar tazara tsakanin kwano da silin, ya kuma bar ƙananan kafofi a gefe biyu na rufin don iska mai zafi ta samu hanyar fita. A rufe kafofin da raga, in ba haka ba ka gina wa jemagu da ɓeraye masauki. Mai hali ya shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin kwanon, tana mayar da zafi baya. Farin fenti a bayan kwano shi ma yana taimakawa, domin fari yana korar hasken rana, baƙi yana shanye shi. In tsohon silin asbestos ne a ɗakinka, kada ka fasa shi ko ka yanka da zarto, ƙurarsa tana illa ga huhu.

Mutane da yawa sukan tsallake duk wannan su sayi fanka ko esi. Esi a ɗakin da ba silin zuba ruwa ne a kwando: injin ba ya hutawa, kuɗin wuta da man janareta suna ta tafiya.

Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, shi ya sa ɗakin da ke wannan gefe ba ya kwantuwa har bayan isha'i. Ka dasa darbejiya ko mangwaro a wajen, nesa kaɗan da gini saboda saiwa. Kafin ta girma, rumfar zana ta wadatar. Da bazara a rufe taga da labule in hantsi ya yi, a buɗe bayan magariba.

Da hunturu, a Disamba da Janairu, iska daga arewa maso gabas take busowa, tana kutsowa ta ƙasan ƙofa da gefen taga, da ƙurarta. Tsohon bargo da aka naɗe ko guntun roba da aka buga da ƙusa ya isa ya toshe. Amma a kula: in an toshe ɗaki, kada a kwana da kaskon garwashi a ciki. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum yana barci.

Aikin gida: gobe bayan azahar ka taɓa bangon ɗakinka na gabas da na yamma, sannan ka miƙa hannu kusa da rufi. Rubuta a littafinka inda ya fi zafi, ka zo da shi aji.