Matakan zaɓen ƙaramar mota don aiki da iyali

1. Fara da ƙirga iyalinka. Golf, Yaris da Honda Jazz mutum 5 suke ɗauka. Nemi mai ƙofa huɗu, mai biyu wahala ce wajen shigar da yara.

2. Buɗe but ka ga ko zai ci buhun shinkafa.

3. Je da bakanikenka da sassafe, kafin a ɗumama injin. In ta fitar da shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai, ka haƙura da ita ko da fentinta na sheƙi. Ku leƙa ƙarƙashi saboda tsatsa, musamman 'yar Beljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje kafin a shigo da ita.

4. Ja ta a hanya mai gargada, ka saurari ƙafafu da giya.

5. Tambayi kuɗin kayan gyaranta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna.

6. Kada ka biya sai lambar shasi ta dace da takardun kwastan.