Kafin kuɗin data ya tashi, yi wannan

'Yan uwa na Nima da Mamobi a Accra, Gana, ku kashe sabunta data da kanta a wayarku yau ɗin nan.

Idan tana kunne, ranar da farashi ya tashi za a cire sabon kuɗin ba tare da kun lura ba. Sai dai kawai ka ga sidi sun ragu.

Kamfani yakan turo saƙo kafin ƙari. Kada ka share shi. Duba ranar, ka sayi babban kunshin da ba ya ƙarewa da wa'adi tun a tsohon farashi. Abin da ka riga ka saya, ƙarin ba ya taɓa shi.

In tsadar ta yi yawa, ka sauya kamfani ba tare da ka sauya lambarka ba. Tun 2011 ake yin haka a Gana. Ɗauki Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ka je ofishin wanda kake so, MTN, Telecel ko AT. Amma fara aron layin maƙwabci na wannan kamfanin ka gwada cikin ɗakinka, don wani lungun sabis ba ya shiga.

Inda dabarar ba ta ci: mai biyan kuɗi a ƙarshen wata. Shi sai ya karanta takardar yarjejeniyarsa tukuna, domin fita kafin wa'adi na iya jawo tara.