Yadda ake nazarin gwamnatin da yaƙin basasa ya ritsa da ita

Na daɗe ina duba rubutun ɗalibai kan yaƙin basasa, kuma kusan kowa daga fagen daga yake farawa: wa ya ci gari kaza, wane janar ya ja da baya. Nakan ce da ɗalibi ya naɗe taswirar tukuna. In gwamnatin kake son fahimta, ba nan ne ƙofar shiga ba.

Fara da jera ranaku. Ɗauki takarda ka rubuta abin da fadar shugaba ta yi a watannin farko, rana bayan rana. An rantsar da Abraham Lincoln shugaban Amurka ranar 4 ga Maris 1861. Ranar 12 ga Afrilu 'yan awaren Kudu suka buɗe wuta a sansanin soja na Fort Sumter, bayan kwana uku Lincoln ya nemi 'yan sa-kai 75,000, kafin watan ya ƙare kuma ya dakatar da haƙƙin gurfanar da wanda aka kama gaban alƙali a wani yanki. Majalisa ba ta zauna ba sai 4 ga Yuli. To, wa ke yanke hukunci a tsakanin nan? Haka ka yi wa Yakubu Gowon. Ranar 27 ga Mayu 1967 ya kafa dokar ta-ɓaci, ya raba Najeriya jiha 12. Ranar 30 Ojukwu ya ayyana Biyafara, yaƙi ya ɓarke 6 ga Yuli. Wanda bai jera ranakun ba zai ɗauka gyaran tsarin mulki ne kawai, alhali ƙananan ƙabilun Gabas aka ba jihohinsu don a janye su daga jikin Ojukwu, ga shi mafi yawan man fetur a ƙasarsu yake.

Daga nan sai ka leƙa baitulmali, kuma a nan nake so ka jima. Soja sai da albashi, harsashi sai da kuɗi, hanyoyin samun kuɗin kuwa ba su da yawa: haraji, bashi, buga takarda, ko sayar da abin da aka tara. Gano wadda gwamnatin ta fi dogaro da ita. Ɓangaren Lincoln ya haɗa uku: harajin kuɗin shiga a 1861, takardun kuɗin da ba zinari a bayansu a 1862, da bashi daga jama'a. Gwamnatin Jefferson Davis, shugaban 'yan awaren Kudu, a birnin Richmond ta jingina da injin buga kuɗi, har takardarta ta koma abin dariya a kasuwa. A nata yaƙin basasar, Jamhuriyar Sifaniya ta kwashe mafi yawan zinarinta zuwa Mosko a 1936 don sayen makamai. A Najeriya Awolowo ne ke riƙe da ma'aikatar kuɗi, kuma a Janairun 1968 aka canza takardun kuɗin ƙasar, tsoffin da ke hannun Biyafara suka tashi a banza. Ni dai ban ga gumurzun da ya yi wa Biyafara illar da wannan sanarwa ta yi mata ba.

Sannan duba waɗanda shugaban ya jawo jiki. Seward da Chase, 'yan jam'iyyar Lincoln, duk sun nemi takarar da ya samu a 1860, ya ba Seward harkokin waje, Chase kuɗi. Gowon ya shigo da farar hula a Yunin 1967: Awolowo, Anthony Enahoro, Malam Aminu Kano, Joseph Tarka. A gaban kowane suna rubuta yankin da mutumin ya zo da shi, don ba a ba shi kujerar saboda kyan fuska ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne a karanta takardun ɓangare ɗaya. 'Yan aware ma gwamnati suke kafawa. Biyafara ta buga kuɗinta, ƙasashe biyar suka amince da ita: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti. Sanarwar kowane ɓangare kuma ka karanta ta da ido biyu, tunda yaƙi ɗan zamba ne.

Tambayi kuma ko akwai mai iya ce wa shugaban a'a. A Amurka an yi zaɓe a Nuwamban 1864 ana tsaka da yaƙi, shi kansa Lincoln a watan Agusta ya sa ran faɗuwa, sai cin birnin Atlanta da sojojinsa suka yi ya juya masa lamarin. Gowon soja ne, ba akwatin zaɓe a gabansa, don haka a majalisar ƙoli ta soja za ka nemi masu ja da shi.

Kada ka rufe littafi a ranar saranda. Bayan 15 ga Janairu 1970 an ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Ajiye wannan magana a gefe ɗaya na takardarka, a ɗaya gefen ka rubuta fam 20 ɗin da aka ba masu ajiyar kuɗin Biyafara a banki, komai yawan abin da suka kai.