Yadda Ake Yi wa Dangi da Abokai Addu'a Kafin Su Ba da Gaskiya

Da wuya a sami Kirista a ƙasar Hausa da maƙwabtanta wanda dukan danginsa suke kan bangaskiya ɗaya da shi. Akwai wanda mahaifinsa yake riƙe da addinin da ya gada, akwai matar da mijinta ba ya taka ƙofar majami'a, akwai kuma iyayen da suka reni ɗansu a makarantar Lahadi, ya tafi karatu ko neman kuɗi a birni, ya dawo yana cewa shi maganar Allah ba ta gabansa. Manzo Bulus ya san wannan nauyi, domin a Romawa 9:2 ya ce yana da baƙin ciki mai yawa da ciwon zuciya marar yankewa saboda 'yan'uwansa Isra'ilawa, sa'an nan a farkon sura ta 10 ya faɗi inda yake kai wannan baƙin cikin, wato gaban Allah, yana roƙo su sami ceto. Ga shawara a kan yadda mai bi zai yi irin wannan roƙo, ya kuma ɗore a kansa shekara da shekaru ba tare da ya ɓata zumunci ba.

Kafin ka durƙusa, ka tabbatar wa kanka aikin wane ne juyar da zuciya. Yesu ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi (Yahaya 6:44). A bakin kogi a Filibi, Bulus ne ya yi magana, amma Ayyukan Manzanni 16:14 ta ce Ubangiji ne ya buɗe zuciyar Lidiya, 'yar kasuwar nan mutuniyar Tayatira, har ta mai da hankali ga abin da ake faɗa. Wanda ya riƙe wannan zai huta da ɗaukar wa kansa kayan da ba nasa ba, zai kuma daina ganin cewa in da ya iya jayayya da yanzu yayansa ya tuba. Ka sani kuma ba Allah mai ƙin bayarwa kake lallashi ba, tun da 1 Timoti 2:4 ta ce yana so dukan mutane su sami ceto, su kai ga sanin gaskiya. Wanda kake kuka dominsa, Allah ya riga ka ƙaunarsa.

Daga nan sai sunaye. Addu'ar da ta tsaya a kan “Ubangiji ka ceci dukan ɓatattu” ba laifi ba ce, amma takan bi iska da sauri, domin zuciya ba ta ganin fuskar kowa a cikinta. Ka sami ɗan littafi ko takarda da za ka ajiye cikin Littafi Mai Tsarki naka, ka rubuta mutum uku ko biyar waɗanda Allah ya ɗora maka nauyinsu, ka bar fili a ƙarƙashin kowane suna domin abin da ka sani game da halin da yake ciki. Kada ka tara sunaye da yawa a farko, don mai jerin mutum talatin yakan gaji kafin wata ya ƙare. Ka tsai da lokaci guda, da asuba kafin gida ya tashi ko da dare bayan an kwanta, ko da minti goma ne, domin ɗan kaɗan na kowace rana ya fi kwana guda na kuka wanda za a manta da shi har shekara ta zagayo. Ayuba yakan tashi da sassafe ya miƙa hadaya saboda 'ya'yansa, kowanne da tasa, kuma Nassi ya ce haka yake yi kullum (Ayuba 1:5).

To, me za a roƙa? Hanya mafi aminci ita ce ka ɗauki maganar Allah ka mayar masa da ita da sunan mutumin a ciki. A 2 Korantiyawa 4:4-6 an yi maganar hankalin da aka makantar, da kuma Allah wanda ya umarci haske ya haskaka daga cikin duhu, saboda haka ka roƙa a buɗe masa ido ya ga Almasihu yadda yake, ba yadda aka siffanta masa shi ba. A Ezekiyel 36:26 Allah ya yi alkawarin cire zuciyar dutse ya ba da zuciyar nama, sai ka roƙa masa wannan. Ka kuma roƙi Ubangijin girbi ya aiko masa da wani mai bi dabam (Matiyu 9:38), kuma a ganina wannan roƙo ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da yadda ake zato. A al'adarmu yaro ba ya zaunar da babba ya koya masa addini, suruka tana jin nauyin surukinta, ɗan fari ma da ƙyar yake haɗa ido da mahaifinsa. Maganar da Baba ba zai karɓa daga bakin ɗan cikinsa ba, yana iya karɓarta daga abokin sana'arsa, ko ma'aikaciyar jinyar da ta kula da shi a asibiti, ko maƙwabcin da ya tsaya masa a ranar wahala. Yesu kansa ya ce annabi ba ya rasa daraja sai a garinsu, da cikin danginsa, da gidansu (Markus 6:4).

Kada ka manta da bukatunsa na yau da kullum: lafiyar jikinsa, gonarsa, kasuwarsa, jarrabawar 'ya'yansa, zaman lafiyar aurensa. Wanda yake roƙa wa mutum ceto kaɗai, bai damu da ko ya ci abinci ba, sannu a hankali zai fara kallonsa kamar aikin da yake so ya kammala, kuma mutane suna gane wannan tun kafin a buɗe baki.

Akwai wata irin addu'a da nake roƙon 'yan'uwa su guje mata ƙwarai, wato roƙa wa mutum masifa don ya tuba: a karya masa kasuwa, a kwantar da shi, a hana shi barci har sai ya durƙusa. Ana jin irinta a wasu tarurrukan addu'a, kuma sau da yawa fushi ne yake magana da sunan himma. Lokacin da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yahaya sun nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye su, sai Ubangiji ya juya ya tsawata musu (Luka 9:54-55). Bayan 'yan shekaru Samariya ta karɓi maganar Allah, kuma Yahayan nan da ya nemi wuta yana cikin manzanni biyu da aka aika su je su yi wa Samariyawa addu'a su karɓi Ruhu Mai Tsarki, a hanyarsu ta komawa ma suka yi ta wa'azi a ƙauyukan Samariyawa da yawa (Ayyukan Manzanni 8:14-25). Romawa 2:4 ta ce alherin Allah ne yake jawo mutum ga tuba. In Allah ya ga dama ya yi amfani da wahala, wannan ikonsa ne da hikimarsa, amma kai abin da aka umarce ka shi ne ka sa albarka.

Ga misalin yadda ɗa zai iya roƙo saboda mahaifinsa, sai kowa ya sauya shi bisa ga nasa hali: “Ya Uba na sama, na gode maka saboda Baba, wanda ka rene ni ta hannunsa. Ka ba shi lafiya da tsawon rai, ka sa albarka a aikin hannunsa. Ka buɗe zuciyarsa kamar yadda ka buɗe ta Lidiya, ka kawar da tsoron mutane daga gare shi, ka aiko masa da bawanka wanda zai saurara. Ni kuma ka tsare bakina, ka koya mini in girmama shi fiye da dā, kada halina ya zama abin tuntuɓe a gare shi. Na roƙa cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.”

Ƙarshen wannan addu'a ya kai mu ga abin da ya fi wuya, wato halin mai roƙon kansa. Manzo Bitrus ya gaya wa matan da mazajensu ba su gaskata ba cewa ana iya rinjayar mazan ba tare da magana ba, ta wurin halin tsarki da ladabin da suke gani (1 Bitrus 3:1-2), kuma a aya ta 15 da ta 16 ya ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga wanda ya tambaye mu dalilin begenmu, amma da tawali'u da bangirma. A lura, ga wanda ya tambaya aka ce. 'Yar'uwa, in kina yi wa mijinki addu'a da asuba, kada ki mai da lokacin cin abinci ya zama lokacin wa'azi, kada kuma ki ɗaga murya cikin addu'a don ya ji laifofinsa ta bayan labule. Ɗan'uwa, zumunci a ƙafa yake: ka je suna, ka je ɗaurin aure, ka zauna a zaman makoki, ka kai gaisuwar salla ga danginka da maƙwabtanka Musulmi, ka ba da gudummawarka in an tashi gyaran gidan gado. Umarnin girmama uba da uwa bai zo da sharaɗin sai sun ba da gaskiya ba. In akwai wanda ka ɓata wa rai cikinsu, ka je ka nemi gafara tun kafin ka ci gaba da ambaton sunansa a gaban Allah.

Yana da kyau a sami abokin addu'a ɗaya ko biyu, bisa ga alkawarin Matiyu 18:19-20, kuma Zumuntar Mata da ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa sun daɗe suna riƙe da wannan hidima a ikkilisiyoyinmu. Sai dai a kiyaye sirri. Kada a karanta sunan mutum da matsalarsa a gaban taron sujada, kada kuma a watsa shi a WhatsApp ko Facebook, domin maganar tana iya komawa kunnensa ta zama cin mutunci, a wasu wurare ma tana iya jefa shi ko kai kanka cikin haɗari. Wanda yake so ya haɗa da azumi ya yi shi a ɓoye kamar yadda Matiyu 6:16-18 ta koyar, mara lafiya da mai ciki da mai shayarwa kuwa kada su tilasta wa kansu.

Sauran magana ita ce jinkiri, inda mafi yawanmu muke karaya. Iyalin Ubangiji Yesu kansa bai tsira daga wannan ba. Markus 3:21 ta ce danginsa sun fito su kama shi don ana cewa ya fita hankalinsa, Yahaya 7:5 kuma ta faɗa a fili cewa ko 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba. Amma bayan tashinsa daga matattu ya bayyana ga ɗan'uwansa Yakubu (1 Korantiyawa 15:7), a Ayyukan Manzanni 1:14 sai ga 'yan'uwan nasa tare da Maryamu da manzanni suna nacewa ga addu'a, daga baya ma Yakubu ya zama jigo a ikkilisiyar Urushalima.

A tarihin ikkilisiyar Afirka ta Arewa akwai Monika, mutuniyar Tagaste, garin da yau ake kira Suk Aharas a Aljeriya. Mijinta Patrisiyus ba Kirista ba ne, mai zafin rai ne kuma, sai dab da mutuwarsa ya karɓi baftisma. Ɗanta Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354, ya bi koyarwar Mani, wani addini dabam da ya fito daga Farisa, kusan shekara tara. Ta roƙi wani bishop ya yi muhawara da shi, bishop ɗin ya ƙi, ya ce yaron bai shirya ji ba tukuna, ta bar shi ta ci gaba da roƙon Ubangiji dominsa. A shekara ta 383 Agustin ya ƙudura barin Kartaj zuwa Roma, ita kuwa ta roƙi Allah da hawaye kada ya tafi, amma ya yaudare ta ya shiga jirgin ruwa da dare. Wannan tafiyar da ta ƙi ita ce ta kai shi Milan, inda ya zauna ƙarƙashin wa'azin Bishop Ambros har aka yi masa baftisma a Ista ta shekara ta 387, Monika kuma ta rasu a Ostiya a wannan shekarar bayan ta gani da idonta. Agustin da kansa ya rubuta cewa Allah ya ƙi abin da ta roƙa a wannan daren domin ya ba ta abin da ta daɗe tana roƙa. Saboda haka in ɗanka ya ɗauki hanyar da kake tsoro, ka roƙa a tsare shi, amma kada ka yanke cewa addu'arka ta faɗi ƙasa, kada kuma ka tsara wa Allah hanyar da dole ya bi.

Wani lokaci mutumin yakan rasu ba a ji ya furta bangaskiya ba, wannan kuwa ciwo ne da ba a warkar da shi da gajeriyar magana. Ba a ba mu ikon yanke hukunci a kan abin da ya gudana tsakanin mutum da Mahaliccinsa a numfashinsa na ƙarshe ba, kuma mai laifin da aka gicciye tare da Yesu ya sami alkawarin Firdausi a sa'o'insa na ƙarshe (Luka 23:42-43). Ka bar shi a hannun Mai shari'ar dukan duniya, wanda Ibrahim ya shaida cewa zai yi abin da yake daidai (Farawa 18:25), ka kuma nemi fasto ko dattijon ikkilisiya ka buɗe masa zuciyarka.

In kuwa ka fara ganin alama, misali ya tambaye ka ma'anar wata aya ko ya ce ka yi masa addu'a saboda rashin lafiya, ka amsa abin da ya tambaya kaɗai, ka yi addu'ar a taƙaice a gabansa in ya yarda, kada ka gaggauta shi zuwa gaban jama'a ko baftisma. Ka ba shi Bisharar Luka ko ta Yahaya ya karanta da kansa, ko ka sa masa ta murya a waya in karatu yana ba shi wuya, ka haɗa shi da wani dattijo mai riƙon amana wanda zai amsa tambayoyinsa a natse. In shawarar da zai yanke za ta iya jawo masa kora daga gida ko rabuwa da iyali, ka sanar da shugabannin ikkilisiya a asirce tun da wuri, domin a tanadi inda zai sauka da abin da zai ci kafin ranar ta zo.