Yadda ake shiryawa zagayen duwatsu a jirgi mai saukar ungulu da sauka kan dusar ƙanƙara

'Yan Katsina da Daura da karatu ko kasuwanci ko aiki ke kaiwa ƙasashen sanyi sukan ci karo da tallan wannan yawo: jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke ka, ya ratsa da kai tsakanin duwatsu, ya sauke ka kan dusar ƙanƙara, ka taka, ka ɗauki hoto, ya mayar da kai gari. Galibi gaba ɗaya ba ya wuce minti 20 zuwa 40, zaman kan dusar kuwa kamar minti goma ne. Kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne kowane mutum guda. Ko mintocin nan goma za su yi daɗi ko za su zama wahala, tun a ƙasa ake yanke hukunci, da ranar da ka zaɓa, da nauyin da ka faɗa, da kayan da ka saka.

Inda ake yi

Ƙasar da ta fi shahara da shi ita ce New Zealand, a tsibirinta na kudu: garuruwan Franz Josef da Fox Glacier, da Queenstown, da yankin dutsen Aoraki da Turawa ke kira Mount Cook, mai tsawon mita 3,724. Ana yi a Alaska ta Amurka, wajen Juneau, ana yi a Suwizalan wajen Zermatt da Interlaken. A New Zealand lokacin sanyi daga Yuni ne zuwa Agusta, wato lokacin daminarmu, amma can saman duwatsun dusar ba ta ƙarewa duk shekara. Akwai kuma na Nepal, wanda ke tashi daga Katmandu zuwa yankin Everest. Shi wannan doguwar tafiya ce ta awanni, tsayinsa kuma ya wuce na sauran sosai, ba shi muke ba wa sabon shiga shawara ba. Mai fasfon Najeriya sai da biza zai shiga duk ƙasashen nan, har Nepal ɗin, domin ba a buga mana tata a filin jirgi. Kada ka biya kuɗin jirgi kafin biza ta fito.

Ranar da za ka kama

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ajiye yawon sai ranar ƙarshe. Gabar yammacin tsibirin kudu na New Zealand wuri ne mai ruwan sama ƙwarai, ana iya kwana biyu ko uku jirgi bai tashi ba. Ka kama gurbi a ranar farko da ka isa garin, ka bar kwana ɗaya ko biyu a bayanta. Ka zaɓi safiya, domin gajimare ya fi taruwa kan duwatsu idan rana ta ɗaga, iska ma ta fi tashi bayan azahar.

Kafin ka tura kuɗi, ka tambayi kamfanin abu huɗu, ka nemi amsar a rubuce. Idan yanayi ya hana tashi, ana mayar da kuɗi duka ko ana canja rana? Idan an tashi amma ba a iya sauka kan dusar ba, nawa ake mayarwa? Mutum nawa ne mafi ƙaranci da jirgin ke tashi da su, tun da wani lokaci ana ɗage tafiya saboda kujeru ba su cika ba? Minti nawa ne a sama, minti nawa a ƙasa? Wasu na haɗa su wuri guda a talla, sai ka zata minti talatin ɗin duka na shawagi ne. Ka kuma duba takardar inshorar tafiyarka ko ta ƙunshi irin wannan jirgi.

Idan matuƙi ya ce an fasa, kada ka matsa, kada ka nemi wani kamfani da zai yarda ya tashi. Abin da yake gudu ba ruwa ba ne kawai. Idan gajimare ya rufe rana, dusa fara, sama fari, inuwa ta ɓace, idonsa ba ya iya tantance nisan ƙasa ko gangarenta. Duk wanda ya san yadda hazon hunturu ke hana jirgi sauka a filin Umaru Musa 'Yar'aduwa ya fahimci rabin matsalar. Sauran rabin shi ne a can dutse ne ke ɓoye cikin farin. A watan Nuwamban 2015 jirgin yawon buɗe ido ya faɗi a Fox Glacier a ranar da yanayi ba kyau, mutum bakwai da ke ciki duk suka rasu.

Maganar nauyi

Za a ɗora ka a sikeli, da kayanka a jiki. Ba raini ba ne, kuma Alhaji ko Hajiya ba a ɗauke wa kowa. Jirgin da aka fi amfani da shi, AS350 na kamfanin Airbus wanda yanzu ake kira H125, yakan ɗauki matuƙi da fasinja biyar ko shida. Jirgi ne mai ƙarfi, irinsa ne wani matuƙi ɗan Faransa mai suna Didier Delsalle ya saukar a ƙololuwar Everest a watan Mayun 2005, amma shi kaɗai ne a ciki, an kuma rage masa kaya. Dalili kuwa, yadda kake ƙara sama haka iska ke ƙara sirancewa, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa. Nauyin da jirgi ya ɗaga cikin sauƙi a bakin teku zai iya gagararsa a mita 2,000 ranar da ake ɗumi. Shi ya sa a Nepal, idan aka kai wani tsayi, ake raba fasinjoji a riƙa kai su biyu-biyu ko uku-uku.

Saboda haka in an tambaye ka nauyinka lokacin kama gurbi, faɗi na gaskiya, ka ƙara kilo biyu ko uku na tufafi da takalmi. Wanda ya rage kilo goma don kunya, sikeli zai tona shi, a ƙarshe a sauke shi ko a sauke wani. Ƙaramin jirgi irin Robinson R44 fasinja uku kawai yake ɗauka, kowace kujera kuma iyakarta kilo 136. Da wannan lissafi ne ake raba kujeru don jirgi ya daidaita, gaba da baya, hagu da dama. Kujerar gaba ba ta wanda ya riga zuwa ba ce, kuma ana iya raba miji da mata. In an nuna maka wuri, zauna.

Lafiyar jiki

Wannan sashe ya fi shafarmu fiye da yawancin masu zuwa yawon. Waɗannan jirage ba su da na'urar daidaita iskar ciki irin ta manyan jirage, iskar da ke waje ita kake shaƙa, kuma cikin minti goma an ɗaga ka daga ƙasa zuwa saman dutse. Mai cutar sikila kada ya hau sai likitan da ya san shi ya amince, domin ƙarancin iska da sanyi da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar da ciwon, ga su kuma sun haɗu wuri guda. Mai jinin AS ma, wanda lafiyarsa ƙalau a gida, an sha samun wanda saifarsa ta kamu a wuri mai tsayi sosai. In ka ji ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, lokacin yawon ko bayansa, ka tafi asibiti ka gaya masu nau'in jininka da inda ka je. A mita 5,500, wajen tsayin wuraren da ake leƙawa a Nepal, iskar da ke shiga huhu kusan rabin ta bakin teku ce. Mai ciwon zuciya, mai asma, mai hawan jini da bai daidaita ba da mai juna biyu, su ma su fara da likita.

Mai mura ko toshewar hanci zai sha ciwon kunne wajen saukowa. Haɗiyar yawu da hamma da tauna cingam na taimakawa. Ka ci abinci mara nauyi awa ɗaya ko biyu kafin tashi, ka sha ruwa. Hawa da cikin da ya cika maƙil ko wanda ba komai duk suna kawo tashin zuciya. Wanda mota ke juya wa ciki ya sha maganinsa tun da sauran lokaci yadda takardar maganin ta ce, a cikin jirgi kuma ya riƙa kallon nesa, ya rage duban waya. Ka kama ruwa ka yi alwala tun a ofishin, babu bayi a saman dutse.

Kayan sawa

Zafi na raguwa kamar digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000. In garin da kuka tashi yana digiri 10, a mita 2,000 sama da shi kun faɗa ƙasa da sifili, ga iskar farfela a kai. Sanyin da ke sa a hura wuta da asuba a Katsina cikin Janairu bai kai ko kusa ba. Saka kaya hawa uku: mai kama jiki a ciki, suwaita a tsakiya, jaket mai tare iska a waje. Dogon wando mai kauri, safa mai kauri, safar hannu, da rufaffen takalmi mai gargada a ƙasa. Silifas da takalmi mai tsini da mai santsin ƙasa ba su da wuri a nan. Wasu kamfanoni na ba da aron takalmi, ka tambaya.

Babbar riga da hular zanna ka bar su a masauki. Iskar da farfela ke bugowa ƙasa tana fizge duk abin da ba a ɗaure ba, kuma hula ko gyale ko leda da ta shiga farfela ko bakin inji na iya jawo babban haɗari. Hular ulu mai kama kai har kunne ita ce daidai. Hajiya ba sai ta bar lulluɓinta ba: ta sa ƙaramin hijabi mai kama fuska, ta cusa ƙasansa cikin jaket ta zuge, ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, rigar kuma kada ta zama mai jan ƙasa. Mayafi mai yawo da dogon hijabi har ƙasa su ne ba a so. Ta guji allurar riƙe ɗankwali a gefen kunne, saboda abin sauraren da za a ɗora mata zai danne wurin. In wani abu ya tashi daga jikinka, ko fasfo ne, kada ka bi shi. Tsaya inda kake ka nuna wa matuƙi.

Tabarau mai tare hasken rana dole ne, ko da gajimare. Sabuwar dusa na mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata da ido, baƙar fata kuma ba ta kare ƙwayar ido. Ka shafa man leɓe. Jaka, sandar ɗaukar hoto da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto galibi ba a yarda da su, za a ajiye maka a ofis.

Shiga da fita

Sau da yawa ba a kashe inji, a filin tashi da kan dusar duka. Kada ka matsa kusa sai ma'aikaci ko matuƙi ya yi maka alama. Ka tunkaro ta gaba ko ta gefe inda matuƙi ke ganinka, a ɗan sunkuye, hannu ƙasa, ba ɗaga waya sama. Bayan jirgi haramtaccen wuri ne: ƙaramar farfelar wutsiya na juyawa kusan sau 2,000 a minti, ido ba ya ganinta, kuma daidai tsayin mutum take. In an sauka a gangare, ka fita ka dawo ta ɓangaren ƙasa, domin ta ɓangaren tudu babbar farfela ta fi kusa da kai. Yaro kuwa hannunsa na cikin naka tun daga ƙofar ofis.

A ciki, bari ma'aikaci ya rufe ƙofa ya duba bel ɗinka, amma ka kalli yadda ake kwance shi da yadda ake buɗe ƙofar. Makirufon abin sauraren sai ya kusa taɓa leɓe ake jin ka. Lokacin tashi da sauka ka yi shiru, matuƙi na magana da wasu jiragen. Wanda ke gaba ya janye ƙafa da gwiwa daga sandunan tuƙi. Dab da sauka za ka ga dusa ta turnuƙe, jirgin kuma ya ɗan dira ya sake dannawa. Matuƙi ne ke gwada ko wurin zai ɗauki nauyi. Kada ka kwance bel sai ya ce.

A kan dusar

Matuƙi zai nuna iyakar inda za ku taka. Wannan iyaka ba ta ado ba ce. Ƙarƙashin dusar akwai daskararriyar ƙanƙara mai tsage-tsage, wasu zurfinsu ya wuce mita 20, sabuwar dusa kuma kan rufe bakinsu ta bar wurin sumul. Bi sawun da aka riga aka taka, kada ka ja da baya kana ɗaukar hoto ba ka duba ba. Taka a hankali, gajeren taku, tafin ƙafa duka a ƙasa. In dusar mai laushi ce za ka nutse har ƙauri, in ta daskare da safe kuma santsi gare ta. Kada ka yi gudu, numfashi zai ɗauke maka nan da nan. Jiri ko ciwon kai ko ganin duhu-duhu, ka faɗa a take, maganinsa saukowa.

Sanyi na shanye batirin waya. Cika caji, ka ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki, ka fito da ita lokacin ɗauka kawai. Kyamara kan mayar da farar dusa toka-toka, sai ka ɗan ƙara hasken hoton da mataki ɗaya. A cikin jirgi kaya masu duhu sun fi, saboda farar riga na fitowa a gilashin taga ta ɓata hoton. Ka kusantar da waya da gilashin ba tare da ta taɓa shi ba, ka kashe filasha. Dunƙula dusa da hannu tsirara ba laifi na ɗan lokaci, amma in yatsu suka fara mutuwa ka cusa su a hammata, kada ka murza su.

Kafin ka koma ciki ka kakkaɓe dusar takalminka, ban da buga shi a jikin jirgi. Ka koma kujerar da aka ba ka tun farko, sai in matuƙi ne ya canja. Bayan an sauka, in da dare idonka ya fara zafi da ruwa da jin tsakuwa, hasken dusar ne ya ƙona shi, yakan bayyana bayan awa 6 zuwa 12. Cire gilashin ido na mannawa in kana sawa, zauna a ɗaki mai duhu, ɗora tsumma mai sanyi, kada ka sosa. Yawanci yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. In ya wuce haka ko gani ya ragu, a je wurin likitan ido.